Kiɗa da Ciwon Damuwa

Mai girma magajin gari, iyayenmu sarakuna, malamai, ma'aikatan lafiya, iyayena mata na Tajaye.

Kowa a nan ya san irin matar da nake nufi. Maigidanta ya tafi cin rani Abijan ko Libiya, shekara ta zagayo babu labari. Ba ta barci, tuwo ba ya shiga, ta daina zuwa suna da biki. Mu ce iska ta taɓa ta, ko a ce ta cika sa abu a rai. Likitoci na kiransa ciwon damuwa, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 280 na fama da shi.

A 2011, Jaakko Erkkilä da abokan aikinsa na jami'ar Jyväskylä a Finlan suka buga sakamakon gwaji kan majinyata 79. Duka suna karɓar kulawar asibiti, amma wasu an ƙara musu zama 20 na kiɗa. Bayan wata uku waɗannan sun fi samun sauƙi. Ku lura da yadda aka yi, don nan maganar take. Ba rediyo aka kunna musu ba. Majinyacin ne da kansa yake buga ganga, ƙwararre yana zaune gabansa yana amsa masa da tasa, sannan su yi hira kan abin da ya fito. Wanda bakinsa ya yi nauyi, hannunsa ya fara magana.

Na ga wasu malamanmu sun gyara zama. Allah ya gafarta malam, asibitin da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Bayazidu na Biyu ya gina a Edirne a 1488 ya kasance yana yi wa masu ciwon ƙwaƙwalwa magani da kiɗa da ƙarar ruwa.

Mu ma ba baƙi ba ne. Ƴan bori na Adar da ƙasar Konni, waɗanda Nicole Échard ta yi nazarin irinsu, da goge da ƙwarya suke girka mara lafiya. Ban zo tallar bori ba. Abin da ya fi damuna shi ne kiɗan cikin gida: waƙar niƙa da lugude. Mace na durƙushe kan dutse tana rera abin da ba ta iya faɗa wa uwar miji, maƙwabciya ta ji ta bayan darni ta gane. Injin niƙa ya hutar da gwiwoyinku, amma ya tafi da wannan fili.

Shawarata ga likitocin karkara daga Ilela zuwa Malbaza: a ware yammaci ɗaya a mako don kiɗa da waƙa, ƙwarya a kife cikin ruwa, ungozoma ko ma'aikaciyar jinya tana zaune tana saurare. Amma kiɗa ƙari ne bisa magani. Wadda ta fara cewa gara ta mutu, a kai ta asibitin Konni ko Galmi ranar nan, kada a jira taron mako.