Baƙo Makaho Ne Ko Da Idonsa: Nasiha Ga Masu Fita Aiki Ƙasar Waje

(Matanin laccar da aka gabatar wa iyaye da matasa na yankin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi)

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzurta bayinsa a gida da daji. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Abin da ya tara mu a yau magana ce da ta shiga kusan kowane gida a wannan yanki namu, wato fitar 'ya'yanmu zuwa ƙasashen waje neman aiki, musamman ƙasar Saudiyya. Dalilin fitar ba ɓoyayye ba ne. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna hana manomi gonarsa, suna tare hanya, suna ɗora wa ƙauyuka haraji. A shekarar 2021 har rufe kasuwannin mako aka yi, aka katse layukan waya a jihar nan. Saurayin da ya ga haka, ya ce zai nemi halaliyarsa a wani wuri, ba mu da bakin zarginsa. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu gaya masa abin da zai tarar tun daga ranar da ya sauka, domin kwanakin farko su ne suke gyara zaman baƙo ko su ɓata shi.

TAFIYA BA BAƘUWARMU BA CE

Lalle ne mu fara da tuna cewa mutanen ƙasar nan matafiya ne tun asali. Kakanninmu sun yi fatauci zuwa Gwanja sayen goro. Cin rani kuwa al'ada ce da aka san mutanen lardin Sakkwato da ita: a gama girbi a fita, a dawo da faɗuwar ruwan fari. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929, garin ya zama ƙarshen layin dogo, gyaɗa da auduga suna gangarawa kudu, mutane kuma suna bin su.

Ta gabas ma haka abin yake. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru sun wuce har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Alhazan ƙasa sukan yi shekaru a hanya, da yawansu suna ƙwadago a gonakin audugar Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, don su tara guzurin ƙetare teku. Wasu sun isa Makka sun zauna, shi ya sa har yau ake samun 'yan ƙasar Saudiyya masu sunan dangi Hausawi da Fallata da Barnawi. Ita kanta kalmar takari da muke faɗi daga Takruri ta fito, sunan da Larabawa suka daɗe suna kiran mutanen Afirka ta Yamma da shi.

Sai dai akwai darasi a tarihin. A 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar, aka dawo da 'yan'uwanmu da yawa hannu rabbana, bayan sun yi shekaru suna tara dukiya. A 1983 Nijeriya ma ta kori baƙi haka nan. Kakanninmu sun yi tafiya a zamanin da ba a tambayar fasfo. Mu kuwa muna zamanin da takarda ita ce mutum, wanda ba shi da ita kamar ba ya nan.

ABUBUWA BIYAR DA BAƘO KE FARA CIN KARO DA SU

Daga abin da 'yan'uwanmu da suka je suka dawo suke shaida mana, da abin da dokokin ƙasar suka tanada, mun tattara abubuwa biyar.

Na farko shi ne ruɗin ido. Wanda ya taso inda wutar lantarki ke zuwa jefi-jefi, ya sauka Jidda ko Riyad da dare ya ga fitilu da tituna da dogayen benaye, zai ɗauka wahala ta ƙare. A wannan daren ne yawanci ake ɗaukar hoton da za a turo gida, hoton da zai tayar da hankalin samari goma a unguwa. Washegari kuwa sai a kai shi masaukin ma'aikata a bayan gari, ko gonar dabino, ko garken raƙuma a tsakiyar hamada. Da yawa suna tafiya da zaton za su riƙa salla a Harami kullum, alhali tsakanin Riyad da Makka fiye da kilomita 800 ne, kuma ma'aikaci ba ya barin wurin aikinsa sai da izini. Haka kuma wanda ya tafi da labarin da alhazan da suka ba shi zai tarar da sauye-sauye, domin tun 2018 aka sake buɗe gidajen silima a ƙasar, aka kuma ba mata damar tuƙa mota. Can ma gari ne na mutane, akwai na kirki akwai macuta, kamar ko'ina.

Na biyu shi ne kafili. Ma'aikaci baƙo yana shiga ƙasar ne a ƙarƙashin wanda ya ɗauke shi aiki, kuma shi ne zai nema masa iƙama, wato katin izinin zama, wanda sai da shi ake buɗe asusun banki, a yi yawo cikin gari ba tare da fargaba ba. A watan Maris na 2021 hukuma ta sassauta wannan tsari ga ma'aikatan kamfanoni, ta sauƙaƙa musu sauya wurin aiki da neman izinin fita. Amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba, kuma waɗannan su ne ayyukan da aka fi kai mutanenmu. Dokar ƙasar ta hana mai gida riƙe fasfon ma'aikaci, duk da haka akwai masu karɓe shi tun a filin jirgi. Wanda kuma ya gudu daga kafilinsa, aka kai rahotonsa, wanda suke kira hurub, ya zama abin nema ga 'yan sanda, ƙarshensa gidan tsare baƙi da korowa gida.

Na uku shi ne zafi da lokaci. Mu da muka san zafin bazarar Zamfara mukan ɗauka babu wanda zai ba mu tsoro. To, zafin can ya kai har hukuma take hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, daga tsakiyar watan Yuni zuwa tsakiyar Satumba kowace shekara. Dokar ƙwadago ta ƙayyade awa 8 a yini, awa 48 a mako, a rage wa Musulmi zuwa awa 6 a watan azumi, sai dai mai aikin gida ba ya cikin wannan doka, tsarinsa daban ne. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu, hutun mako kuma Juma'a da Asabar ne tun 2013. Aikin albashi ba kamar noma ba ne, inda mutum zai saki fartanya ya tafi jana'iza ko suna ba tare da ya tambayi kowa ba.

Na huɗu shi ne harshe. Ɗalibinmu da ya sauke Alƙur'ani ya karanci Ahalari da Iziyya yakan yi mamaki in ya ji Larabcin kasuwa, ya kasa gane abin da ake ce masa. Abokan aikinsa kuma galibi mutanen Indiya ne da Pakistan da Bangaladash da Habasha. Zai kuma ji an kira shi da sunan da bai saba ba, wani lokaci da raini a ciki. Mutumin da ake girmamawa a garinsu saboda gidansu, can ba wanda ya san ubansa. Wannan kaɗaici ya fi nauyin aikin ciwo, kuma shi ne ƙofar da miyagun abokai ke shigowa ta cikinta.

Na biyar shi ne lissafin kuɗi. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 a kan dala ɗaya tun 1986, naira kuwa ta yi ƙasa ƙwarai bayan da aka sake ta a watan Yuni na 2023. Saboda haka kowane albashi in aka juya shi zuwa naira sai ya yi kama da dukiya. Amma mai albashin da riyal zai ci abinci, da riyal zai sayi katin waya, kuma tun Yulin 2020 harajin kayan saye a can kashi 15 cikin 100 ne. Wanda ya so kawo iyalinsa, akwai kuɗin da ake biya a kan kowane mutum ɗaya duk wata, wanda aka fara da riyal 100 a 2017 ya kai riyal 400 a 2020. In aka cire bashin da aka ci don biyan dillali, sau da yawa shekarar farko ta dillali ce, ba ta ma'aikaci ba.

HANYAR DA BA TA DA TAKARDA

'Yan'uwa, duk abin da muka lissafa ya shafi wanda ya shiga ta ƙofa ne. Wanda ya shiga ta katanga halinsa ya fi haka muni. Bizar Umara ta ibada ce, ba ta halatta aiki, wanda ya zauna bayan ta ƙare ya karya alkawarin da ya sa wa hannu, ya kuma jawo wa sauran maniyyata tsanani. A aikin Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu a cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin 100 kuma ba su da izinin Hajji, ba tanti ba mota.

Hanyar hamada kuwa, wadda ke kusa da mu saboda Zurmi da Shinkafi suna iyaka da Jamhuriyar Nijar, kabari ce a buɗe. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A 2017 duniya ta ga hoton yadda ake cinikin baƙi kamar awaki a Libiya. Ba ya halatta mutum ya jefa ransa cikin halaka da sunan neman abinci.

Mu kuma kiyayi ɗaukar saƙon da ba mu ga cikinsa ba, domin hukuncin shigar da ƙwaya Saudiyya yana kaiwa ga kisa. A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Madina saboda jakar ƙwaya da wasu suka liƙa wa sunanta tun a gida, ba a sake ta ba sai a watan Afrilu na 2019, bayan gwamnati ta sa baki.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Muna da abin koyi a tarihin magabata. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya isa Madyana yana baƙo ba shi da komai, amma kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasasi, bai fara kiwo ba sai da aka yanke wa'adin aikin, shekara takwas ko goma, aka kuma bayyana ladansa. Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi, da ya isa Madina aka yi masa tayin rabin dukiya, sai ya gode ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Na farko ya koya mana bayyana sharaɗi, na biyu ya koya mana kame kai da dogaro da sana'a.

Saboda haka, kada wanda ya bar gida sai ya ga yarjejeniyar aikinsa a rubuce, an karanta masa ita da harshen da yake ji, ya san irin aikin da garin da albashin da ranar hutu, da wanda zai biya kuɗin jirgin dawowa. A bincika ko dillalin yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In an ga alamar safarar mutane, a kai ƙara wurin hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don wannan aiki. Matafiyi ya bar kwafin fasfonsa da na yarjejeniyarsa a gida, ya riƙe lambar ofishin jakadancin Nijeriya da ke Riyad da ƙaramin ofishin da ke Jidda. Ya kuma tafi da sana'a a hannu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya nan a Ƙauran Namoda tun 1983. Mai takardar aikin lantarki ko gini ko kanikanci ba a yi masa cinikin da ake yi wa wanda ya zo da ƙarfinsa kawai.

In ya isa, ya yi haƙuri ya sa ido kafin ya yanke wa ƙasar hukunci, na yabo ko na suka. Ya nemi masallacin unguwa da mutanen kirki daga cikin 'yan ƙasarmu da suka riga shi, ya koyi harshen wurin, ya riƙe amanar wanda ya ɗauke shi aiki, domin da halinsa za a auna duk wanda zai zo bayansa daga Zamfara. Kuma ya faɗa wa na gida gaskiyar halin da yake ciki. Wanda ya turo hoton ƙarya har ƙaninsa ya sayar da gonar gado ya biyo shi, yana da kamasho a cikin abin da ya sami ƙanin nan.

HAƘƘIN DA KE KAN NA GIDA

Ya ku iyaye, kada mu mayar da ɗan da ya fita rumbun da kowa ke ɗiba. Akwai yaran da ke kwana da yunwa a can don kada a ce ba su aiko ba, akwai masu jure zalunci saboda kunyar dawowa hannu wofi. Mu ba su lokaci su tsaya da ƙafarsu, wanda kuma ya dawo bai samo ba mu karɓe shi da fuska a sake. Mai aure kada ya tafi sai ya tanadar wa matarsa ci da sha, ya kuma yi shawara da ita a kan tsawon tafiyar, domin nisa ba ya sauke haƙƙin aure. Batun tura 'yan mata aikatau gidajen da ba mu sani ba, a ƙasar da ba su jin harshenta, ba su da wanda za su kai wa kuka, muna roƙon kowane uba ya ji tsoron Allah a kansa. Masu hali a cikinmu kuwa, jarin da za ku ba saurayi ya fara sana'a a kasuwar Shinkafi ko ta Ƙaura yana iya zama sanadin da ba zai bi hamada ba.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da ƙauyukanmu, Ya tsare matafiyanmu, Ya sa albarka a neman waɗanda suka fita da waɗanda suka zauna, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.