Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina: Ministan Ilmi na Jihar Arewa



Jawabin yau a kan Alhaji Isa Kaita ne, mutumin da ya riƙe Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Arewa daga 1957 har zuwa 1966.

An haife shi a ƙasar Katsina cikin 1912. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda ta yaye manyan Arewa da dama, sa'an nan ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai ya tafi Ankara, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ya yi aikin watsa labarai a gidan rediyo. Da ya komo gida ya yi aiki a ƙarƙashin Sarkin Katsina Usman Nagogo, kuma ya je Ingila ya ƙaro ilmin sha'anin mulki.

Sa'ad da aka danƙa masa Ma'aikatar Ilmi, Arewa tana baya ƙwarai wajen karatun boko, ga shi kuwa mulkin kai ya ƙarato. Jihar ta sami mulkin kanta cikin 1959, Nijeriya kuma cikin 1960. To, wa zai hau kujerun da Turawa za su bari? In babu 'yan ƙasa masu ilmi, ai mulkin kai ya zama suna kawai.

Ya lura cewa makaranta ba ta tsayuwa sai da malami. Saboda haka aka ƙarfafa horon malamai, aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai a Zariya cikin 1962. A wannan shekara ce kuma aka kafa Dokar Ilmi ta Arewa, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin watan Oktoba, jami'a ta farko a Arewa duka.

Juyin mulkin Janairu 1966 ya kawo ƙarshen aikinsa na Minista. Allah ya yi masa rasuwa cikin 1994.

Ya ku iyaye, aikin da ya soma bai ƙare ba. Kowane yaro, namiji ko mace, da aka bari a gida ba karatu, hasara ce ga ƙasa. Ku kai 'ya'yanku makaranta, ku girmama malamansu.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Amin.