Kiɗan Jaz: Na Turawa Ne Ko Na Baƙar Fata?



Wasiƙar yau ta fito daga wani mai sauraronmu da ke sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce gardama ce ta sarƙe tsakaninsa da maƙwabcin rumfarsa a kan wani kiɗa da sukan ji a rediyo da dare, wai shi jaz. Maƙwabcin ya ce kiɗan Turawa ne, kuma hayaniya ce kawai, ba kai ba gindi. Shi kuwa ya ce ya taɓa ji an ce baƙar fata ne suka ƙago shi. Gardama ta yi zafi har sun kwana biyu ba su ci abinci kwano ɗaya ba. Yana so mu raba musu, mu kuma gaya masa makaɗan da muka fi so.

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Amsa a taƙaice ita ce, kai ke da gaskiya. Amma kada ka yi saurin yi wa maƙwabcinka dariya, domin shi ma akwai abin da kunnensa ya jiyo, za mu zo kansa.

An haifi jaz a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka, wajen farkon ƙarni na 20. Waɗanda suka haife shi jikokin bayin nan ne da aka kwasa daga Afirka. Tun zamanin bauta, akwai wani dandali a birnin da ake kira Congo Square, inda bayi kan taru ran Lahadi su yi kiɗa da rawa irin na gida. Bayan an hana bauta a 1865, sai baƙar fata suka haɗa waƙoƙinsu na aikin gona, da na coci, da na kukan zuci waɗanda ake kira bulus, suka zuba su cikin kayan busa irin na badujalar soja. Abin da ya fito shi ne jaz. Sai dai waɗanda suka fara sa shi a faifan garmaho, a 1917, wasu Turawa ne masu suna Original Dixieland Jass Band. Ka ga mai gona daban, wanda ya fara kai kaya kasuwa daban.

Yanzu batun hayaniya. Ka san yadda marigayi Alhaji Mamman Shata yake waƙa: kalangu na tafiya, 'yan amshi na riƙe da amshinsu, shi kuwa yana zubo baiti nan take daga kansa, gwargwadon wanda ya gani a wurin. To haka jaz yake. Da farko makaɗa sukan busa karin waƙar gaba ɗaya, wannan shi ne kamar amshi. Daga nan sai a sakar wa mutum ɗaya fili, ya yi ta sarrafa karin nan yadda zuciyarsa ta ba shi, masu ganga suna riƙe masa taki. In ya gama wani ya karɓa. A ƙarshe duk su komo kan amshi. Wanda bai riƙe amshin farko a kunnensa ba, shi ne zai ce kowa na busa abin da ya ga dama.

Ka tambayi gwanayenmu. Ni dai nawa gwanin Louis Armstrong ne. An haife shi a New Orleans a 1901 cikin talauci. Yana ɗan shekara 11 ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, aka kai shi gidan horon yara, a can ya ƙware da busa. Ƙahonsa, wato turamfet, ɗan gajere ne, bai kai rabin kakakin fada ba, amma in ya busa shi sai ka ji kamar mutum na magana. Muryarsa kuwa a shaƙe take kamar ta wanda ya wuni yana ciniki a kasuwa, ga ta da daɗi. Ya je Akara a 1956, ya kuma zo Nijeriya a 1960, har ya gana da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a Kaduna. Ya rasu a 1971.

Bayansa sai Duke Ellington, mai kaɗa fiyano, wanda ya riƙe babbar ƙungiya ta makaɗa goma sha wani abu kusan shekara 50. Irin kiɗansu na rawa ne, ana ce masa suwin. Ka ji wani abin takaici: daga 1927 zuwa 1931 yana kiɗa a gidan rawa na Cotton Club a birnin New York, inda baƙar fata ke kiɗa, amma ba a barin 'yan'uwansu su shiga su zauna su saurara.

Wajen 1945 sai wasu samari, Charlie Parker da Dizzy Gillespie, suka fito da salon bibof. Wannan gudu gare shi kamar sukuwar doki, ba na rawa ba ne, na zama a kasa kunne ne. Ina kyautata zaton irinsa maƙwabcinka ya ji. Kada ku fara da shi, don yaro ba ya fara cin abinci da ƙashi. Ku nemi na Miles Davis, musamman faifansa na 1959 mai suna Kind of Blue. Kiɗa ne mai sanyi, irin wanda mutum zai ji bayan ya taso daga gona ya miƙe ƙafa.

Akwai kuma wanda ya kamata kowane Bahaushe ya san shi, wato Yusef Lateef, gwanin busa daga Amurka. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Zariya, yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, yana binciken sarewar Fulani. Ya yi faifai mai suna In Nigeria, ya kuma haɗu da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Ka duba, Malam, mutumin da ya yi suna a duniya ya taso takanas ya zo ya koyi abin da makiyayi ke busawa a bayan shanunsa, mu kuwa muna wuce shi ko waiwaye ba ma yi.

Saboda haka ga shawara. Ka je wajen masu tura waƙa a waya, ka ce su sa maka West End Blues na Armstrong, wanda ya yi a 1928. Minti uku ne da 'yan kai. Ka kira maƙwabcinka, ka sayi goro, ku saurara tare har sau uku. In har yanzu ya ce hayaniya ce, ka ƙyale shi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma dai ku koma cin abincinku kwano ɗaya, kiɗa bai isa ya raba maƙwabta ba.

Da fatan ka gamsu. Saura kuma ku rubuto ku gaya mana naku gwanayen. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.