Turancin Ciniki: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya haɗa manomi da baƙi marasa jin Hausa. Yau ma manoman Bichi da Dawakin Tofa sukan kai riɗi kasuwar Dawanau, su sayo taki da kuɗin, rubutun buhunsa kuwa da Turanci yake.

Bahaushe da kalma ɗaya yake gwada abu biyu, watau "fi": wannan taki ya fi wancan araha. Bature kuwa sauya kalmar yake yi. Mai araha cheap, wanda ya fi wani araha cheaper, wanda ya fi duka cheapest. Doguwar kalma kamar expensive, watau mai tsada, sai a fara da more ko most.

To, ga wurin lura. In an ce taki cheaper ne, ba a ce ya fi duka araha ba. Sai a tambaya: ya fi wanne? Buhun mai kilo 50 ne, ko mai 25?

Lalle malaman Hakimai su koya wa dagatai wannan, su kuma su sanar da talakawa, kada wahalar damina ta salwanta saboda kalma ɗaya.