Ƙarambau da Jinyar Yara a Gida

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a garin Panshekara



Da takardar gayyata ta iso gare ni, na zaci za a ce in yi magana a kan ilimi, tun da can na ƙarar da ƙuruciyata. Sai na ga an bar mini zaɓi, ni kuwa na zaɓi ƙarambau. Na san wani zai ce me ya haɗa tsohon hedimasta da aikin likita. Rajistar makaranta ce ta haɗa mu. Shekara 35 ina kiran suna, kuma da wuya ƙarshen hunturu ya shiga bazara ban ga bencina sun yi giɓi saboda wannan ciwo ba. Ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga darasin kiwon lafiya na kwalejin horon malamai, da ma'aikatan lafiya da na yi ta damu da tambaya, da kuma wani kuskure da na tafka da hannuna, wanda zan zo kansa.

A bazarar da ta wuce ƙarambau ya kama jikokina biyu. Kafin kwana biyu, ƙanin mahaifinsu da ke aiki a Abuja ya ba wa direban mota wata 'yar kwalba ya kawo mana. A cikinta akwai 'yan ƙwayoyi farare kamar tsabar gero, an rubuta Rhus tox 30C a jikinta, kuma kuɗin da ya biya ya isa cefanen gida na 'yan kwanaki. Aka ba yara, bayan kwana goma suka miƙe suna guje-guje. Sai ya bugo waya yana murna, ya ce, "Baba, ka ga aikin magani?" Na ce masa na gani, amma 'ya'yan maƙwabcinmu da suka kwanta rana ɗaya da namu, waɗanda ba su sami komai ba sai wanka da kunu, su ma a makon suka koma makaranta.

Wannan ya sa na bi diddigin kwalbar. Irin wannan magani ana kiransa homiyofati. Wani likita Bajamushe mai suna Samuel Hahnemann ne ya ƙago shi a 1796, bisa ra'ayin cewa abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama shi zai kawar da ita daga marar lafiya, in an ba shi kaɗan. Rhus tox wani tsiro ne na ƙasar Amurka mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje in ya taɓa fata, shi ya sa masu wannan hanya ke ba da shi ga mai ƙarambau. To amma "kaɗan" ɗin nan, nawa ne? Ku ba ni aron hankalinku mu yi lissafi irin na aji shida. A ɗauki ɗigo 1 na ruwan tsiron a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza. Mataki na farko ke nan. A ɗebi ɗigo 1 daga wannan a zuba cikin wani 99. Haka za a yi ta yi har sau 30, ma'anar 30C ke nan. Na zauna da fensir na auna: in ka ɗiga ɗigo guda cikin madatsar ruwa ta Tiga tana cike, ka gauraye ta duka, ba ka wuce wajen mataki na 8 ba. Daga mataki na 12 kuwa masana sinadarai sun ce da wuya a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta tsiron a ciki. Abin da jikokina suka tsotsa sukari ne. A 2015 majalisar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta duba tarin nazarce-nazarcen da aka yi a kan homiyofati, ta ce babu wani ciwo da aka sami ingantacciyar shaidar yana maganinsa. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta shi.

Me ya sa to mutane masu hankali da ilimi, irin ɗana, suke rantsuwa yana aiki? Saboda ƙarambau ciwo ne da jikin yawancin yara ke korarsa da kansa. Ƙwayar cutar bairas ce ke kawo shi. Tana shiga ta numfashi ko ta taɓa ruwan ƙurjin, ta yi kwana 10 zuwa 21 a ɓoye, sannan zazzaɓi ya zo, ƙuraje masu ruwa su feso a ƙirji da baya da fuska, wasu na fitowa wasu na bushewa. Cikin mako guda ko sama da haka kaɗan duk sun yi ɓawo. Duk abin da ka ba yaro a wannan mako, shi zai kwashe yabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma kada mu yi wa Bature dariya mu manta da kanmu, domin haka lissafin yake ga jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da lasifika a bakin kasuwa, da allurar da mai kemis ke cewa tana busar da ƙurji. Ko lambar NAFDAC da kuke gani a jikin kwalbar maganin gargajiya, galibi shaida ce ta cewa an duba ba a ga guba ba. Ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa.

Ƙwayar sukari ba ta kashe yaro. Abin da nake tsoro shi ne kwanciyar hankalin da take sa wa iyaye, su ce ai yana kan magani, alhali ciwon ya sauya hanya.

Jinyar gaskiya ba ta da tsada, wahala ce da ita, kuma iyayenmu mata ne ke shan ta. Abu na farko wanka. Mun taso ana cewa kada ruwa ya taɓa mai ƙuraje don kada ciwon ya koma ciki, sai a kulle yaro a ɗaki cikin zafin bazara, a lulluɓe shi. Ciwo ba ya komawa ciki saboda wanka. Gumi da dauɗa su ke ƙara ƙaiƙayi, ƙaiƙayi ya kawo susa, susa ta buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta ƙofa. Na taɓa samun ɗalibi ɗan aji uku da aka hana wa wanka mako guda, aka shafe shi da toka. Ƙurji ɗaya a cinyarsa ya kumbura ya yi ja ya tara mugunya, sai da aka kwantar da shi aka tsaga wurin, ya rasa zangon karatu guda cur. A yi wa yaro wanka kullum da ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba, ba tare da soso ba, a tsane jiki da tattausan ƙyalle ba a goga ba. Mu da muke zaune a gefen masana'antun Challawa mun san launi da warin abin da kamfanonin jima ke saki cikin magudanai, don haka ruwan rafi da na kududdufi kada su kusanci fatar da ke da ƙurji a buɗe. Ganyen darbejiya da kakanninmu ke dafawa a yi wanka da ruwansa, in an tace shi ya huce, ban ga ma'aikacin lafiyar da ya tayar da jijiyar wuya a kansa ba. Amma a tsaya a wanka, kada a ɗura wa yaro, musamman man 'ya'yansa, wanda ke da haɗari ga ƙananan yara.

A yanke farce ƙwarai, jariri a sa masa safa a hannu da dare. Kaya su zama na auduga marasa nauyi. A shafa ruwan kalamin, wannan mai ruwan hoda, yana rage ƙaiƙayi. A yawaita ba shi ruwa da kunu da koko da abinci mai laushi marar yaji, domin ƙurajen kan fito har cikin baki, mai shan nono kuma a ci gaba da ba shi. In zazzaɓi ya dame shi, farasitamol gwargwadon shekarunsa da nauyinsa.

A nan ina roƙon kowa ya buɗe kunne. Kada a ba yaro mai ƙarambau asfirin. Akwai wani mugun ciwo mai kumbura ƙwaƙwalwa ya lalata hanta, wanda wani likitan Ostareliya mai suna Douglas Reye ya bayyana a 1963, daga baya aka gano yana bin yaran da aka ba asfirin suna fama da ƙarambau ko mura mai zafi. Mutum zai ce ai ni ban sayi asfirin ba, alhali garin Alabukun da ke aljihun kusan kowane lebura asfirin ne a cikinsa. Na manya ne, ba na yara ba. Haka haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutum a leda babu suna, ba ka san me ke ciki ba. Likitoci kuma sun ce a guji ibuprofen a wannan ciwo, don ana danganta shi da munanan cututtukan fata. Ampiclox da danginsa ba sa taɓa bairas, sai likita ya ga ƙurji ya ruɓe sannan suke da aiki. Mayukan nan da ake shafawa don hasken fata ko don kashe ƙaiƙayi nan take, da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke raunana garkuwar fata. Garin neman gira kada a rasa ido.

Yanzu ga kuskurena. Ina sabon hedimasta, ƙarambau ya shigo mana ana saura mako guda jarrabawar ƙarshen zango. Don kada sakamakon makaranta ya lalace, na aika gida-gida cewa duk yaron da zai iya tafiya ya zo ya rubuta. Suka zo da ƙurajensu. Malamar da na sa ta tsare ɗaya daga azuzuwan tana da juna biyu, kuma ba ta taɓa yin ciwon ba. Ban tambaye ta ba, ban ma san akwai abin tambaya ba. Bayan mako biyu ta kwanta, ciwon ya sauka a huhunta, numfashi ya gagara, aka yi kwanaki ana fama a asibiti. Allah Ya tashi kafaɗunta, ta kuma sauka lafiya, amma har yau in na tuna zaman da na yi a barandar asibitin nan tare da mijinta, kunya takan rufe ni.

A ranar na koyi cewa ciwon da muke kira na yara ya fi tsanani ga manya. A ƙasashe masu zafi irin tamu mutane da yawa kan girma ba su yi shi ba. Ku dubi gidajen hayar da ma'aikatan Challawa da Sharada ke zaune, iyali biyar ko shida a tsakar gida ɗaya, ga mai ciki, ga jariri, ga magidanci mai shan taba. Yaro yana fara yaɗa cutar kwana 1 zuwa 2 kafin ƙurji ya fito, kuma ba ya dainawa sai duk sun bushe. Saboda haka ba boko, ba islamiyya, ba gidan suna, sai ɓawo ya rufe na ƙarshe. Mai cikin da ba ta taɓa yi ba, in ta zauna da mai ciwon, ta je awo a ranar ta faɗa, kada ta jira ƙurji. Mafi haɗari ga jariri shi ne ciwon ya fito wa uwa daga kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta. Haka yaro mai tamowa, da mai ciwon daji, da mai ƙanjamau, da wanda aka daɗe ana ba shi magungunan rage garkuwar jiki, da mai sikila in zazzaɓi ya kama shi, waɗannan ba na jinyar gida ba ne. Akwai magani na gaske mai suna acyclovir da likita ke ba irinsu, amma ya fi amfani in an fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙurji. Kun ga inda jiran kwalba daga Abuja zai kai mutum.

Ko lafiyayyen yaro, a ɗauke shi zuwa asibiti in zazzaɓi ya wuce kwana 4 ko ya tafi ya dawo, in wani wuri ya yi ja ya kumbura yana zafi, in numfashi ya yi sama-sama, in wuya ya sanƙare, ko yana layi in ya tashi, ko barci ya yi masa nauyi, ko jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, ko ƙurji ya shiga ido. Asibitin garinmu shi ne matakin farko, su za su tura Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko na Murtala ko na Malam Aminu Kano in abin ya fi ƙarfinsu. A kuma tuna zazzaɓin cizon sauro ba ya ɗaukar hutu don yaro na ƙarambau, gwaji ne ke raba gardama.

Sannan ba kowane ƙurji ne ƙarambau ba. Ƙyanda tana zuwa da tari da majina da jan ido, ƙurajenta ba ruwa, tana fara wa daga fuska da bayan kunne, kuma tana kisa ƙwarai. Rigakafinta kyauta ne, a wata 9 da wata 15. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Bayelsa a 2017, tana kumbura kaluluwa, ƙurajenta kan yi girma tare, har a tafin hannu da na ƙafa. Sa'o'ina kuma na tuna agana. Duk wanda ya ɗaga hannun riga zai ga tambarin lambar da aka yi mana muna firamare, a gangamin da aka fara a 1967. Wanda agana ta kama na ƙarshe ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a, a Somaliya ne a 1977, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta an kawar da ita. Ba jiƙo ne ya kore ta ba, lamba ce. Shi ma ƙarambau yana da allurar rigakafi, wadda Michiaki Takahashi ya samar a Japan a 1974, Amurka ta fara yi wa yaranta a 1995. Ba ta cikin jerin alluran da gwamnati ke yi kyauta a nan, sai dai a wasu asibitocin kuɗi a manyan birane. Ku da ke can kuna iya tambayar likitan 'ya'yanku. Tsofaffi irina kuma su sani ƙwayar ba ta barin jiki, tana laɓewa a jijiya, bayan shekaru ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe guda kamar an ɗaura rabin ɗamara. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti da wuri, ya kuma nisanci jarirai da masu ciki.

'Yan'uwa mazauna birni, na san zuciya ce ke sa ku aiko da magani in an ce yaro ba lafiya a gida. In waya ta zo, ku fara da tambaya: kwana nawa da zazzaɓin, yana shan ruwa, akwai mai ciki ko jariri a gidan, me aka riga aka ba shi? Sannan kuɗin kwalbar ku turo shi ya zama na kalamin da farasitamol da ruwa mai tsabta da kuɗin mota zuwa asibiti. Ga shugabannin ƙungiya kuma ina da roƙo ɗaya: kafin ƙarshen hunturu mai zuwa, a gayyato ma'aikacin lafiya ya zauna da shugabannin makarantun boko da na islamiyya na garin nan, a yi matsaya ɗaya a kan ranar da yaro mai ƙuraje zai koma aji, da yadda za a ba shi jarrabawarsa daga baya. In an sa rana, ni zan rubuta takardun gayyatar.