Kulle da Lafiyar Ɗalibi: Abin da Shekarun 2020 da 2021 Suka Koya Mana a Ƙasar Mafara



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan yadda zaman kulle ya shafi motsa jiki da lafiyar tunani a manyan makarantunmu. Na karɓi wannan aiki da farin ciki, domin kuwa al'amari ne da kowa a zauren nan ya ɗanɗana, amma ba safai mukan zauna mu tattauna shi ba. Zan taƙaita jawabina ga wannan yanki namu na Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda muke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da Jami'ar Jihar Zamfara, da kuma Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Sa'an nan akwai 'ya'yanmu masu yawa da ke karatu a jami'o'in Gusau da Sakkwato da Zariya da Kano, waɗanda duk suka komo gida a wancan lokaci.

Yadda Abin Ya Faro

Annoba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ga murar nan ta 1918 da suka sa wa suna Marisuwa, har suka riƙa ƙidayar shekaru da ita. Mu ma mun ga sanƙarau a 1996, muka sake ganinsa a nan Zamfara a 2017. Abin da ya bambanta korona da waɗannan shi ne irin maganin da hukuma ta ɗauka, watau raba mutane da juna.

Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da cutar a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin rufe makarantu, aka kulle Legas da Ogun da Abuja ranar 30 ga wata, Kano ta bi baya a cikin Afrilu. Daga bisani aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka kuma sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Azumin bana ɗin ya kama a ƙarshen Afrilu, cikin tsananin bazara. A kan wannan kuma sai ga yajin aikin malaman jami'a, wanda aka fara a Maris, ba a janye shi ba sai ranar 23 ga Disamba. Jami'o'i da yawa ba su koma karatu ba sai a Janairun 2021. Ke nan ɗalibin da ya tattara kayansa yana zaton hutun mako huɗu ne, wata goma ya yi a gida.

Motsin da Ba Mu San Muna Yi Ba

Idan aka ce motsa jiki, da yawanmu mukan tuna da filin ƙwallo ko gudu da asuba. Lalle waɗannan suna ciki, amma mafi yawan motsin da ɗan makaranta ke yi ba ya ma lura da shi. Mu ɗauki yinin ɗalibi guda. Ya tashi ya ɗebo ruwa, ya taka daga ɗakin kwana zuwa aji, daga aji zuwa ɗakin karatu, daga nan zuwa masallaci, ya fita bakin ƙofa neman abinci, da la'asar ya leƙa fili. Ranar Talata ya ratsa kasuwa. In an haɗa, ya yi tafiyar da ta fi awa guda bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a kowane mako, watau aƙalla rabin awa sau biyar. Zaman makaranta kaɗai yakan biya wa ɗalibi wannan bashi.

Da aka rufe makaranta, wannan motsi ya yanke farat ɗaya. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2020, wanda ya ƙidaya takun mutane fiye da dubu 450 a ƙasashe 187 ta hanyar wayoyinsu, ya nuna cewa cikin kwana 30 da bayyana annobar takun da mutane ke yi a yini ya ragu da kusan kashi 27 cikin 100. Hatta manyan wasanni sun tsaya. An ɗage wasannin Olamfik na Tokyo zuwa 2021, haka nan Bikin Wasanni na Ƙasa da aka shirya yi a Jihar Edo.

Sai dai wajibi ne mu lura, kullen bai faɗa wa kowa daidai ba. Ɗalibin da ya koma ƙauye ya tarar da damina, ya shiga noma da uban ɗakinsa ko mahaifinsa, ko ya kama aikin shinkafa a fadamun Bakolori, wannan jikinsa ya motsa fiye da yadda yake yi a makaranta. Wanda ya fi shan wahala shi ne mazaunin gari, da malami, da ma'aikacin ofis. Wannan da ma motsinsa kaɗan ne, sai aka raba shi da ɗan abin da ya rage. Ya wuni a tabarma ko kujera, waya a hannu, ya ci ya kwanta. Mai hawan jini da mai ciwon suga sun san abin da irin wannan zama ke jawowa.

Akwai kuma ɗalibai mata. Ku duba kalmar da muka zaɓa wa wannan doka: kulle. Mun aro ta ne daga zaman da matan aure ke yi a gida. A 2020 maza suka ɗanɗani kaɗan daga cikinsa, suka yi ta ƙorafi. Ita ɗaliba da ta komo gida, aiki bai yanke mata ba, ga daka ga wanki ga girki. Abin da ta rasa shi ne fita da ganin ƙawaye da lokacin kanta. Wasu kuma, da zaman ya yi tsawo, aka ce tun da boko ya tsaya gara a yi aure, daga nan karatu ya ƙare.

Daga Jiki Zuwa Zuciya

Bahaushe ya ce, zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Ilmin likitanci ya gaskata shi. Jikin da ya motsa da rana, ya sha hasken safiya, yakan nemi barci da dare. Jikin da ya wuni a ɗaki ba ya gajiya, saboda haka mai shi ya raba dare yana latsa waya, ya wayi gari da nauyin kai. Rashin barci yana haifar da saurin fushi da mantuwa da kasala. Kasala ta ƙara hana motsi. Haka abin zai yi ta zagayawa har mutum ya rasa sha'awar kome. An tabbatar cewa motsa jiki a kai a kai yana rage damuwa da baƙin ciki mai naci, yana kuma taimaka wa ƙwaƙwalwa wajen riƙe karatu.

Bayan motsi, kulle ya ƙwace mana abu biyu. Na farko shi ne tsarin yini. Jadawalin makaranta, duk da ƙorafin da ake yi a kansa, shi ke gaya wa ɗalibi dalilin tashi da safe. Na biyu shi ne majalisa. Mu mutane ne da ke sauke nauyin zuciya a dandali da zaure da gindin itace, a wurin suna da biki da ta'aziyya. Filin ƙwallo da na dambe da kokawa su ma majalisa ce. Saurayin da ba zai iya cewa "raina a ɓace yake" ba, yakan je fili ya yi gumi, a yi dariya, ya komo da sauƙi. Da aka hana taruwa, an toshe wannan mafita. Ƙara da fargabar cuta, da tsadar abinci, da tunanin shekarar da ke wucewa a banza. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa a shekarar farko ta annobar cutar damuwa da ta baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma matasa da mata ne abin ya fi shafa.

Kulle na Biyu

Jama'a, da a wata jiha nake wannan jawabi, da a nan zan tsaya. Amma mu kullenmu biyu ne. Ba a jima da komawa makaranta ba, ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a cikin wannan ƙaramar hukuma. A watan Agusta suka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, suka yi kisa, suka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba suka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Gwamnati ta rufe makarantu, ta dakatar da kasuwannin mako-mako, kana aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya na tsawon makonni.

Wannan kulle ya fi na farko ciwo. A lokacin korona ɗalibi yana iya zuwa gona, yana iya kiran abokinsa. A wannan karon gonar ta zama abin tsoro, wayar ta mutu. Wanda ya saba gudu da asuba a bayan gari ya daina. Tsoron cuta yakan wuce in cutar ta lafa, amma wanda ya taɓa jin harbi a tsakar dare a ɗakin kwanan makaranta yakan daɗe yana firgita. Irin wannan rauni ba a ganinsa da ido, kuma mu ba mu da suna gare shi sai hauka ko iskoki. Saboda gudun waɗannan sunaye mutane ke ɓoye ciwonsu. Alhali tsakanin cikakkiyar lafiya da taɓin hankali akwai tazara mai nisa, kuma a cikinta ne mafi yawan masu wahala suke.

Abin da Ya Kamata Mu Yi

Na farko, hukumomin makarantu su daina ɗaukar wasanni a matsayin abin da ake yi in kuɗi ya rage. A keɓe yammacin rana ɗaya a mako ba lacca, a gyara filaye a cikin harabar makaranta inda akwai tsaro, a tanadi wuri mai sutura domin mata, da malama mai kula da su. Langa da kokawa da tsallen igiya ba sa bukatar kayan waje.

Na biyu, kowace makaranta ta samu ofishin ba da shawara mai riƙe sirri, kuma a koya wa ma'aikatan ɗakin shan magani gane alamun damuwa: rashin barci, ƙin abinci, janyewa daga mutane, faɗuwa jarrabawa ba dalili. Wanda abinsa ya yi nauyi a tura shi ga ƙwararru, kamar na Asibitin Tarayya na Ƙware. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ku ma'aikatan gwamnati, a hannunku ne za ta zama aiki ko ta tsaya a takarda.

Na uku, a yi shiri tun kafin a sake rufe makaranta, domin babu mai tabbacin ba za a sake ba. Mun ga cewa karatu ta intanet ba abin dogaro ba ne a inda za a iya katse layi. Rediyo kuwa yana shiga kowane gida. A shirya darussa da shawarwarin lafiya da za a watsa ta nan, a kuma sallami kowane ɗalibi da aikin karatu a rubuce.

Na huɗu, ku ɗalibai. In kulle ya sake samunku, ku riƙe lokacin tashi da na kwanciya kamar kuna makaranta. Ku nemi rabin awa ku motsa, ko da zagayen tsakar gida ne ko ɗibar ruwa ko shara. Ku fita hantsi. Ku ajiye waya in dare ya yi. Ku nisanci ƙwayoyi da kayan maye, domin bashi ne mai ruwa. Wanda ya ga abokinsa ya yi shiru fiye da yadda ya saba, ya je ya zauna da shi, ya tambaye shi.

Kammalawa

Shugaba, an rufe makarantu ne domin a tsare rayuka, kuma wannan manufa ce mai kyau. Kuskurenmu shi ne mun ƙidaya waɗanda cuta ta kama da waɗanda aka sace, ba mu ƙidaya waɗanda zaman ya karya ba. Har yanzu suna cikinmu, a azuzuwa da ofisoshi, wasu kuma ba su komo ba sam. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Ina roƙon mu faɗaɗa ma'anar wannan magana ta haɗa da lafiyar zuciya, mu kuma nemi waɗancan ɗalibai da suka ɓace mana, mu ji abin da ya hana su komowa.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.