Tiyo da Bokiti Biyu: Koyar da Kimiyya a Yankin Kadawa

Shugaban reshe, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata.

Mun daɗe muna kukan rashin ɗakin gwaji a makarantun firamarenmu, kuma kukan gaskiya ne. Sai dai mu da ke koyarwa tsakanin Kura, Bunkure da Garun Malam muna zaune a tsakiyar wani babban aikin injiniya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta magudanai har gonakin Kadawa, ba injin da ke turo shi, gangaren ƙasa kawai. Ɗalibanmu suna ganin haka kullum, amma a aji sai mu rubuta musu a allo cewa ruwa yana gudu daga tudu zuwa kwari, su haddace, su manta.

Mu ɗauki lanƙwasasshen bututun nan da manoma ke zuƙo ruwa da shi daga magudana zuwa gona. Bokiti biyu da guntun tiyo sun isa a kawo shi cikin aji. A ɗora bokiti mai ruwa a kan benci, a ajiye ɗayan a ƙasa. A cika tiyon da ruwa, yaro ya toshe baki ɗaya da babban yatsa, a tsoma ɗayan a bokitin sama, sannan ya saki a na ƙasa. Ruwa zai hau gefen bokiti ya sauko da kansa. A nan ne darasin yake farawa, don haka kada mu yi gaggawar bayani. Mu tambaye su abin da zai faru idan an ɗaga bokitin ƙasa. Su yi gardama, su gwada. Za su ga gudun yana raguwa, har ya tsaya idan ruwan ɓangarorin biyu ya daidaita. Su bar iska ta shiga tiyon, su ga ya ɗauke. Sau da yawa yaron da ba ya buɗe baki a aji shi ne gwani a nan, domin ya saba yi wa mahaifinsa ban ruwa.

Haka gwajin ƙasa: gorunan roba uku da aka yanke gindinsu, a ɗaure bakinsu da ƙyalle, a zuba yashi, laka da ƙasar gona, kowace a ba ta kofin ruwa ɗaya. Wadda ta riƙe ruwa ita ce ta shinkafa. Motar kara kuwa, yaran ne za su koya mana. Namu shi ne mu sa su auna wadda ta fi nisa, su faɗi dalili.

Gargaɗi ɗaya: kada a kai yara cikin magudana. Akwai hatsarin nutsewa, akwai kuma tsargiya, wadda ake ɗauka ta shiga irin wannan ruwan. Ruwan rijiyar burtsatse ya wadatar.

Abin da ya fi yi mana ƙaranci shi ne lokaci. Darasi guda ba ya isar aji mai cunkoso, kuma wani mai duba makarantu yana ganin yara da bokiti sai ya ce wasa ake yi. Muna roƙon reshe ya tattauna da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumominmu, a haɗe mana darasin kimiyya biyu a jere sau ɗaya a mako, kuma kuɗin tiyo da bokiti su fito daga asusun makaranta, ba daga albashin malami ba.